Wace kalma ce ta dace da "tekinikal raita" da DTP?

Mai fassara, Nima (Accra): Salamu alaikum. Akwai sanarwar neman ma'aikaci da za a karanta a rediyo gobe bayan la'asar. Ana son "tekinikal raita" wanda ya iya DTP, wato "desktop publishing". Ko in sa "marubucin fasaha"?

Hajiya mai maɗaba'a, New Town: Wa alaikumus salam. Ƙanena, in ka sa haka, mawaƙa ne za su cika musu ofis. Shi wannan littafin jagora yake rubutawa. Ya zauna da injiniya, ya gwada na'urar da hannunsa, ya rubuta kowane mataki a layinsa, gargaɗi kuma ya zo kafin matakin, ba bayan wuta ta ja mutum ba. Ka ce "marubucin littafin jagora". DTP kuwa "tsara shafi da kwamfuta".

Malam, Sabon Zango: Ya yi tsawo, Hajiya. Daga "fayyace" mu sami "mafayyaci", jam'insa "mafayyata". Kuma a bar mana "kwamfuta" ɗin nan, muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa. DTP shi ne "ɗab'in kan tebur".

Ɗan Mamobi: Allah gafarta Malam, wane ɗab'i ake yi a kan tebur? Tun da manhajar PageMaker ta fito a 1985 sunan DTP yake ruɗa mutane. Tsari ake yi a kwamfuta, bugu na maɗaba'a ne.

Hajiya mai maɗaba'a: Yauwa. Kuma sunan da aka ba aiki shi ke yanke masa farashi. In mai kamfani ya ji kamar taifin ne, kuɗin taifin zai biya. Alhali mai tsara shafi sai ya iya manhajar InDesign ko FrameMaker, ya kafa salon kanu da na sakin layi tun farko, ya mai da launi CMYK (launuka huɗu na bugu), hoto ya kai dpi 300 (ɗigo 300 a kowane inci), ya bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka. In littafin da waya za a ɗinke shi a tsakiya, dole shafukan su rabu huɗu-huɗu. Babbar matsalarmu ita ce ƙ, ɗ da ɓ. Wani font ɗin, wato salon haruffa, ba shi da su, in kuma ba a cusa font cikin PDF ba, sai su fito akwati-akwati bayan an ci takarda.

Malam: To ai duk fayyacewa ce. Matsalarku 'yan Zango, kun fi son Turancin da aka murguɗa. A Kano ba za a yarda da wannan ba.

Ɗan Mamobi: A Kanon ma kwamfuta suke cewa, Malam. Kuma masu sauraron nan Nima da Mamobi suke, ba Kurmi ta Kano ba. In an ce "mafayyaci" za su zaci mai tafsiri ake nema.

Mai fassara: Don Allah a bar zancen Kano. Sun rubuta albashi "gwargwadon ƙwarewa", shi ma haka zan karanta?

Hajiya mai maɗaba'a: Karanta, amma ka ambaci ayyukan biyu daban, don mai nema ya san rubutu da tsari duka za a ɗora masa. In kwangila ce, rubutu a biya shi da kalma ko da awa, tsari da shafi, shafi mai jadawali da zane kuma ya fi tsada. A rubuta gyara sau biyu a yarjejeniya, na uku da kuɗinsa, rabin kuɗi kafin a fara. A kuma tambayi wa zai biya Adobe, kamfanin da ke da manhajojin nan, tunda da dala ake biyansa, shi kuwa sidi zai karɓa.

Mai fassara: Na sa "marubucin littafin jagora, wanda ya iya tsara shafi da kwamfuta". Na gode, Hajiya.

Malam: Na gobe ne kawai na bari. Kalmomi uku a wurin ɗaya! In za a maimaita sanarwar ranar Juma'a, a gwada "mafayyaci" ko sau ɗaya ne.