Da wace takarda ɗan wasan poker zai kama haya a Ingila?

Jama'a, don Allah ku taimaka min da shawara. Shekarata uku a Manchester, da wasan karta na poker nake ci nake sha. Matsalar ita ce a Ingila ba a biyan haraji kan abin da aka ci a caca, shi ya sa ba ni da takardar albashi, ba ni da ta HMRC, wato hukumar harajin ƙasar. Dillalan gidaje uku sun mayar da ni. Na kai wa na ƙarshe bayanan asusuna na wata shida, ya ga wata guda kuɗi jingim, wata biyu kuma asara zalla, sai ya ture takardun. Wanda zai tsaya min ma babu, ga wa'adin ɗakina saura sati biyar. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, me ya nuna aka yarda?