Yarona yana minshari kuma har yanzu bai fara magana ba

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min, yarona shekara 2 da wata 4 amma daga "mama" sai "ruwa", ga minshari da daddare baki a buɗe kamar wani babban mutum, yana ta firgita yana farkawa. Kakarsa ta ce nauyin baki ne kawai, gado ne. Wai barcin na da alaƙa da maganar?

Anti Nas: Yana da ita sosai 'yar uwa. Mai yiwuwa wani nama ne a bayan hanci ke kumbura ya toshe numfashi, shi ne kuma ke sa ruwa ya taru a bayan dodon kunne, sai yaro ya riƙa jin magana dishi-dishi, to wanda bai ji da kyau ba ya za a yi ya kwaikwaya? A shekara 2 ya kamata yana haɗa kalma biyu. Ki kai shi wajen likitan kunne da hanci a gwada jinsa.

Baban Yara: Hajiya kar ki bari a kai shi wajen wanzami wai cire beli, ba shi ba ne matsalar wallahi.

Ummu Khairat: Awa nawa yake barci? 'Yan shekarunsa awa 11 zuwa 14 ake so, har da na rana.

Maman Biyu: Kai, ko 9 baya kaiwa. Litinin za mu je asibiti in sha Allah.