Wayoyi marasa suna sun cika min jeri

Mai Kebul Garki: Salam jama'a, wallahi raina a ɓace yake. Sati biyu da suka wuce na wuni a wani ofis a Wuse 2 ina bin na'urori ɗaya bayan ɗaya a cikin UniFi (manhajar kula da waifai da na'urorin da ke kansa), firinta, kamarori, wayoyin ma'aikata, kowacce na sa mata suna na raba su bene-bene, yau na buɗe jerin na'urorin sai ga wayoyi sun fi 40 babu suna alhali ma'aikatan ba su kai 30 ba, oga har ya fara cewa ana satar masa waifai. UniFi kayan yara ne, injiniya na gaske ba zai dogara da shi ba.

Ɗan Banex: Malam ba laifin manhajar ba ne. Tun Android 10 da iOS 14 waya na ɓoye adireshinta na MAC (lambar da waifai ke gane ta da ita), kowace waifai da wanda take nuna mata. In kana da ta ma'aikata da ta baƙi, waya ɗaya sau biyu za ta fito.

Na Kubwa: Tsaya tukuna, injiniya ka ce? Kana da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista?

Mai Kebul Garki: Shekara tara ina hawa silin ina jan kebul, takarda ce za ta koya min aiki?

Na Kubwa: Jan kebul daban injiniyanci daban yallaɓai, mu da muka yi shekara biyar a aji ba mahaukata ba ne

Hajiyar Zone 3: Haba ɗan'uwa, masu digirin nan nawa ne suke kiran mu mu saita musu VLAN, wato raba na'urori rukuni-rukuni a netwok ɗaya? Mutum da kwalinsa amma ya jefa kamarori da wayoyin baƙi wuri ɗaya.

Ɗan Nyanya: Don Allah firintata kullum sai ta canza IP, wato adireshinta a netwok, ta ɓace daga rukuninta, ya zan yi?

Na Kubwa: Hajiya ke ba sayarwa kawai kike ba?

Hajiyar Zone 3: Rautar da ke ofishinka wa ya saita maka? Kar ka sa in yi magana.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, wasu na ganin UniFi na rikita jeri, kuma gogewa ta fi kwali, Hajiya ta faɗi gaskiya. Mai Kebul ka koma rautar kamfanin MikroTik, ka buɗe Winbox, manhajar saita ta, ka kafe kowace na'ura a DHCP (wurin da ke raba wa na'urori IP) ka rubuta mata suna, The Dude na MikroTik kuma kyauta ne zai zana maka taswirar komai. Ni shi nake amfani da shi. Na rufe maganar.