Horo a ƙasar waje ga mai aikin rediyo da Hausa: ta ina ake farawa?

Ƴar Makirfo:
Assalamu alaikum, manyanmu. Mai shekara huɗu tana aiki a ɗakin labarai na gidan rediyo mai zaman kansa a nan Kano, da digirin aikin jarida daga BUK, kuma duk rahotanninta da Hausa ne, wane shirin horo na waje ya dace ta nema? Kuma me ke sa ake yawan watsar da takardun mutanenmu tun a zagayen farko?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki fara raba su gida uku, don mutane na cakuɗa su.

Akwai na digiri, kamar Chevening na gwamnatin Birtaniya: digiri na biyu, shekara ɗaya. Suna son ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, ki zaɓi kwas uku, ki samu gurbi marar sharaɗi a ɗaya, sannan ki dawo gida ki yi shekara biyu bayan kammalawa. Wannan kin cancanta tun yanzu. Ana buɗewa ne wajen watan Agusta.

Akwai na ƙwararru da ba digiri ake bayarwa ba. Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford, da Nieman na Harvard, da Humphrey na gwamnatin Amurka mai wata goma, duk shekara biyar suke nema a bakin aiki. Da saura shekara ɗaya ke nan a gabanki, kuma kada ki ƙirga bautar ƙasa ki cike gurbin sai kin karanta yadda su suke ƙirgawa.

Na uku gajeru ne. Mandela Washington, shirin Amurka na matasan shugabannin Afirka, ya kasance na mako shida, na masu shekara 25 zuwa 35, sai dai ki duba ko har yanzu ana yin sa. Shi kuwa IVLP, shirin gajeriyar ziyarar ƙwararru zuwa Amurka, ba a cike masa fom ko kaɗan, ofishin jakadancin Amurka ne ke zaɓo mutum, don haka duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya sa sunanki, damfara ce.

Mai Tace Labari:
Baba Edita ya jero ƙofofin, bari in faɗi inda ake tuntuɓe. Ba Turanci ne ke fara kayar da ƴan rediyo ba, rashin shaidar aiki ne. Ɗan jaridar takarda zai liƙa adireshin labarinsa na intanet ya wuce. Na rediyo kuwa, an watsa rahoton da ƙarfe bakwai na safe, iska ta tafi da shi, kwamfutar situdiyo ma bayan ɗan lokaci an goge don a samu wuri. Ranar da fom ya ce a kawo aiki uku, sai a shiga neman tsohon fayil a wayar furodusa.

Abin yi daga yau: duk rahoton da kika fita kika haɗo da ƙafarki, ki ɗauki kwafinsa a ranar, har da gabatarwar mai karanta labarai inda ya ambaci sunanki. Ki sa masa kwanan wata da sunan shirin, ki ɗora a SoundCloud ko YouTube da izinin tasharku. Sai ki rubuce shi kalma da kalma da Hausa, ki yi fassarar Turanci a ƙasa, da alamar minti a gefen kowace murya. Alƙalin da ba ya jin Hausa da wannan takardar zai auna ki. Kuma ki gwada adireshin a wayar wani, domin sau da yawa fayil na Google Drive a kulle yake, mai shi bai sani ba, su kuma ba za su rubuto su roƙi a buɗe musu ba.

Wane irin aiki? Ba rahoton taron manema labarai ba, ba na ƙaddamar da titi ba. Guda uku masu zurfi sun fi talatin na yau da gobe: ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da inda yake kwarara, ko cinikin magani a Sabon Gari, irin wanda aka ji murya fiye da ɗaya, aka nemi ɓangaren hukuma, aka kuma bi sawu bayan wata guda. Aikin Hausar ma riba ce idan an iya faɗinta, don masu zaɓe na neman wanda ke isa ga jama'ar da jaridun Legas ba sa kaiwa. Amina Yuguda daga Yola ta ci kyautar Komla Dumor ta BBC a 2017 tana aiki a tashar gida.

Ni a ganina tsalle daga ɗakin labarai zuwa Oxford kai tsaye ba kasafai yake yiwuwa ba. Ki taka na gida tukuna: horon tantance labari na Dubawa a ƙarƙashin cibiyar bunƙasa aikin jarida ta CJID, shirin mata ƴan jarida na Cibiyar Wole Soyinka, horon bincike na cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta ICIR da na Gidauniyar Daily Trust. Da yawansu na haɗa mutum da edita mai duba aikinsa har ya fito, to shi ne gobe zai rubuta miki wasiƙar shaida mai nama, ba irin "yarinya ce mai ladabi da biyayya" ba. Sanarwar irin waɗannan kuma, shafin IJNet na tara su.

Hajiya Ta Rijiyar Zaki:
Ƴata, ga ɓangaren takardu, shi ma yana cin mutane. Fasfo: ki je ofishin fasfo na Farm Centre tun kafin a kira ki, ki tabbata ya rage aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Sunanki ya zama iri ɗaya a NIN, fasfo da shaidar digiri. Mu nan mun saba, a wata takarda sunan uba, a wata sunan unguwa ko na miji, a wata Muhammad a wata Mohammed. Gyaran na cin makonni, gara a fara da wuri.

Takardar sakamakon jami'a ki nema tun yanzu, ba ta fita a kwana biyu. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, kada ki yi gaggawar biya, jami'o'in Ingila da dama na karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC, ki tambayi kowacce. Zaman da ya wuce wata shida a Birtaniya na buƙatar gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, ki sa kuɗin zuwa Abuja a lissafi. Taron binciken ƙwaƙwaf na Jami'ar Wits a Johannesburg kuma sai da katin rigakafin cutar shawara. Dokokin bizar Amurka na yawan sauyawa, ki duba halin da ake ciki kafin ki zuba wata uku a kan fom.

Sai wurin aiki. Ki nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce, a fayyace ko da albashi ko babu, da shekarun da za ki yi musu in kin dawo. Alkawarin baki na manaja ba ya tsayawa idan an canza manaja. Gida ma a yi maganar tun ranar cike fom, kada sai tikiti ya zo a fara shawara.

Ƴar Makirfo:
Allah ya saka da alheri. Fassarar fa, dole sai ƙwararre ya buga hatimi?

Mai Tace Labari:
Ta samfurin aiki, yawanci taki ta isa, ki dai rubuta a sama cewa ke kika fassara, ki ba wani ya duba. Kada ki gyara maganar wanda kika yi hira da shi don ta yi daɗi da Turanci, domin za su iya ba mai jin Hausa ya saurara. Hatimi sai a takardun hukuma, kamar shaidar aure ta kotu idan da Hausa ko ajami aka rubuta ta.