Banki ya riga ya duba gidan, dole sai na sake biyan mai binciken gini?

Maman Hanifa, Stoke-on-Trent:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa sayen gida a nan Ingila. Aikin jinya nake yi, haya ta ishe mu, sai Allah ya haɗa mu da wani gida mai ɗaki uku a nan Stoke, irin gidajen jan bulon nan da ke jere manne da juna. An ce ginin wajen 1900 ne, ban da kicin ɗin baya da aka ƙara daga bisani. Mun daidaita a fam 118,000. Banki ya sa an kimanta, sun ce kuɗin ya yi daidai, za su ba mu.

Yanzu lauyata ta ce in nemi mai binciken gini na kaina. Wanda na kira ya ce matsakaicin bincike fam 450, babban kuma fam 850. Dillalin ya ce asarar kuɗi ce tunda banki ya duba, kuma wai akwai wani mai saye da ke jira. Baban Hanifa yana Kaduna, shi ma ya goyi bayan dillali, ya ce gidan da ya haura shekara ɗari a tsaye ba a hannunmu zai faɗi ba.

Ni dai abu uku ne suka tsaya min a rai. Bango ɗaya na falo an yi masa sabon fenti daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, sauran ba a taɓa ba. A waje akwai tsaga daga kusurwar tagar kicin, tana bin layin bulo tana hawa. Sannan daɓen kicin ɗin ya yi tudu a tsakiya, ƙofar ma sai an danna take rufuwa. Kuɗi sun yi mana wuya sosai. In biya ko in haƙura?

Baban Sadiq, Leicester:

Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, mutumin banki ba dominki ya je ba. Tambaya ɗaya aka aike shi ya amso: idan wannan baiwar Allah ta kasa biya muka sayar da gidan, kuɗinmu za su fito? Shi ke nan. Wani minti ashirin zai yi ya fita, wani daga cikin mota zai leƙa, wani ma a kwamfuta zai duba farashin gidajen layin ya sa hannu. Ko da bankin Musulunci kike hulɗa haka abin yake. In gobe rufi ya fara yoyo, ba ki da ta cewa a wurinsu.

Shi kuwa dillali, mai gida ne ya ɗauke shi, kuma sai ciniki ya faɗa yake samun la'adarsa. Ba na cewa maƙaryaci ne, amma ba a neman shawara wurin wanda abincinsa ke cikin amsar. Zancen "akwai wani yana jira" kuma kowa a gidan nan ya sha jin sa.

A Ingila nauyin bincike yana wuyan mai saye. Kafin lauyoyi su yi musayar takardun yarjejeniya kina da ikon fasawa ko neman ragi, ba wanda zai kama ki. Da zarar an yi musayar, kin ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100, to gida ya zama naki da duk ciwon da ke jikinsa. Kada ki yi cinikin biri a sama.

Injiniya, Manchester:

Hajiya, ki yi babban. Ƙungiyar RICS, wadda yawancin masu wannan aiki ke ƙarƙashinta, ta kasa binciken mataki uku. Na 1 na sabon gida ne mai lafiya. Na 2 na gida ne na yau da kullum da bai tsufa ainun ba kuma ba a yi masa gyare-gyare ba. Na 3, wato babban, shi ne na tsohon gini, ko wanda aka yi wa ƙari, ko wanda ido ya riga ya ga alamar matsala. Naki ya haɗa duka ukun: tsufa, ƙari da alamar matsala. A mataki na 3 mutumin zai shiga saman silin, ya leƙa ƙarƙashin daɓe in akwai hanya, ya faɗi musabbabin abin da ya gani da irin gyaran da yake bukata. In kin nema tun farko, wasu har ƙiyasin kuɗin gyara suke sawa.

Bari in bi alamominki, amma daga nesa nake magana, ban ga gidan ba.

Fentin da ya tsaya a ƙugu ya fi kama da ɓoye danshi. Gidajen wancan zamani bangonsu cushe yake, babu sarari tsakanin bulon waje da na ciki kamar ginin yanzu, shi ya sa ruwa ke ratsawa. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: indararo ya toshe, ko an ɗaga daɓen waje ya fi na ciki tsayi, ko an toshe 'yan ramukan shan iska da ke gindin bango. Amma in danshin ya daɗe, katakan da ke ɗauke da daɓen falo sukan ruɓe daga bakinsu da ke cikin bango, a nan kuɗi ke tafiya. Ki koma ki shafa bangon da tafin hannu, ki duba katakon gindin bango ko ya yi laushi, ki tsaya a kusurwar ki ɗan yi tsalle ki ji ko daɓen yana lilo.

Tsagar kuma, siririya kamar gashi ba abin tashin hankali ba ce, kowane tsohon gida yana da ita. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace, wadda bakinta ya fi faɗi a sama, ake ganinta ciki da waje, musamman in ta kai milimita 5. Tunda a wajen kicin take, mai yiwuwa ƙarin ginin ne ke janyewa daga uwar gidan saboda harsashinsu ba zurfi ɗaya ba.

Tudun daɓen ne ya fi ɗaga min hankali, saboda garin da kike. A yankin Stoke, daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa wajen 1970, magina sun riƙa cike ƙarƙashin daɓe da jar tokar da ake kwasowa daga tarin sharar ramukan kwal, don kusan kyauta take. Tokar nan tana da sinadarin da in ya haɗu da laima yake cin siminti, sai kankare ya kumbura, ya yi tudu, wani lokaci har ya tura bango waje. Masu binciken yankin sun san ta sarai. Gwajin shi ne a huda daɓen a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji. In ita ce, magani sai an fasa daɓen an kwashe cikon gaba ɗaya an sake zubawa. Saboda haka ki ɗauki ɗan yankin, kada ki ɗauko wani daga Landan don ya fi suna.

Abu ɗaya da ba ki ambata ba: ki ɗaga kai ki ga ko akwai bututun hayaƙi a kan rufi, sannan ki duba ko jikinsa yana nan a falo da ɗakin sama. Mutane kan rushe na ƙasa don ɗaki ya ƙara faɗi, su bar tulin bulo a sama ba abin da ya tallafe shi.

Abu Yasir, Bradford:

Ni fa ina da ja. Na biya kuɗin nan, aka kawo min shafuka kusan sittin, rabi duk "a nemi ƙwararre ya duba". Wuta a nemi mai wuta, gas a nemi mai gas, rufi a nemi mai rufi. To kai me ka duba? Kare kansu kawai suke yi kada a kai su ƙara. Da ni ne, magini amintacce zan ɗauka mu zaga tare, in ba shi na mai.

Hajiya Babba, Birmingham:

Abu Yasir, ka faɗi gaskiya rabi. Ba sa gwada wayarin, ba sa kunna tukunyar ɗumama gida su auna ta, ba sa ɗaga kafet ko ture kabad. Wannan a rubuce yake cikin sharuɗɗansu. Amma maganar magininka ba ta da nauyi a teburin ciniki, kuma in ya yi kuskure ba inshorar da za ta biya ka. Ɗan RICS dole ne ya kasance da ita.

'Yata, ga yadda na yi nawa. Rahoton yana zuwa da launi uku, kore, ruwan ɗorawa da ja. Na bar koren, na ja layi a ƙarƙashin kowane ja, sannan na kira mutumin a waya. Abin da ba zai rubuta ba zai faɗa miki da baki. Na ce masa, tsakaninka da Allah, da ƙanwarka ce za ka bar ta ta saya? Ya yi dariya ya ce gidan lafiya lau, rufin baya ne kawai ba zai kai damina biyu ba. Na kawo masu rufi biyu suka rubuta farashi, na tura wa dillali tare da shafin rahoton, aka rage min fam 4,000. Mai gidan ya yi ta ƙunƙuni, amma ya san duk wanda ya zo bayana abin da zai gani ke nan.

Ki kiyayi masu cewa za su duba miki danshi kyauta. Kamfanin da ke sayar da maganin danshi ba zai taɓa shiga gida ya ce babu danshi ba. Sannan kada ki karɓi mai binciken da dillali ya haɗa ki da shi, ki shiga shafin RICS ki nemo da kanki.

Shi kuma Baban Hanifa ki lallaɓa shi. A Kaduna ai ko fili zai saya sai ya kai safiyo, ya tambayi mai unguwa, ya je ya ga wurin da damina.

Barista, Nottingham:

Ƙari kaɗan ta ɓangarenmu. Binciken gini daban, binciken takardu da lauya ke yi daban, kowanne ba ya maye gurbin ɗan uwansa. A Stoke lallai lauyarki ta nemo rahoton haƙar kwal. Garin a kan tsofaffin ramuka yake zaune, mahaƙar ƙarshe mai zurfi a yankin, ta Silverdale, sai a 1998 aka rufe ta. Hukumar da ke riƙe da taswirorin, wadda aka sani da Coal Authority kafin a sauya mata suna a 2024, za ta nuna ko akwai bakin rami kusa da gidan da kuma ko an taɓa neman diyyar nutsewar ƙasa a kansa. Ki ba mai binciken kwafi, zai taimaka masa wajen fassara tsagar.

Ki ce wa lauyar ta tambayi takardar amincewar hukuma ta duk wani gyara da aka yi, musamman in an cire bango ko bututun hayaƙi. Akwai kuma fom ɗin TA6 na bayanan gidan, wanda mai gida ke cikewa. Ki karanta shi da kanki, layi-layi. In ya rubuta ƙarya a ciki ana iya bin sa a kotu, amma shari'a tsada gare ta, gara a gano tun yanzu. Wayarin kuma akwai gwajinsa na musamman, EICR, gas kuma sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas. In silin ɗin mai ƙurji-ƙurjin nan ne, kada kowa ya kankare shi sai an gwada, don yana iya ƙunsar asbestos, wani kayan gini mai cutar da huhu, wanda sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a ƙasar nan.

Wani abu da bai shafi gini ba amma yana kama mutanenmu: in ke ko maigida kuna da gida a Najeriya, ki faɗa wa lauya. Harajin sayen gida yana lissafa gidan da mutum ya mallaka ko'ina a duniya in darajarsa ta kai fam 40,000, kuma ƙarin da ake ɗorawa kan gida na biyu ya koma kashi 5 cikin 100 tun ƙarshen Oktoban 2024.

Malam na Glasgow:

Ku dawo Sikotilan ku huta. Mu nan tun Disambar 2008 mai sayarwa ne ke biya a yi rahoton gida kafin ya sa shi a kasuwa, kowa ya karanta kyauta. Duk da haka a tsohon gini irin wannan ni sai na ƙara nawa.

Ummu Khalil, Landan:

Masu neman fulat kuma ku tambayi shekarun da suka rage a yarjejeniyar mallaka, in sun kusa sauka ƙasa da 80 akwai magana. Ku tambayi abin da aka lulluɓe bangon waje da shi. Bayan gobarar dogon benen Grenfell na Landan a 2017, tun ƙarshen 2019 bankuna ke neman takardar EWS1, mai nuna ko lulluɓin bangon waje yana da haɗarin gobara, a dogayen benaye da yawa. Na san ba shi aka tambaya ba, amma wani zai amfana.

Maman Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na tura wa Baban Hanifa bayanin Injiniya, da ya kai wurin jar tokar nan sai ya kira ni ya ce a yi babban, zai turo rabin kuɗin. Na koma gidan jiya da yamma. Bututun hayaƙi yana kan rufi, yana ɗakin sama, amma a falo babu shi, bangon a shafe yake sumul. Na sami wani ɗan RICS a nan Newcastle-under-Lyme, zai zo Talata. Na rubuta masa abubuwan huɗu. Na kuma gaya wa lauyata kada a yi musayar komai sai rahoto ya fito. Dillalin ya ɗan ɓata rai, amma har yanzu ban ji ɗuriyar wancan mai sayen ba.

Injiniya, gwajin daɓen fa, shi mai binciken ne zai yi?

Injiniya:

A'a Hajiya, kamfani daban ne, kuma sai mai gida ya yarda tunda huda za a yi. Ki bari mai binciken ya gani tukuna. In ya rubuta cewa a gwada, ki nemi mai gidan ya biya, a can yankin ba baƙon abu ba ne. Ki tambaya ma ko an taɓa yin gwajin a baya, wasu masu gidajen suna da takardar a ajiye. Ranar Talata kuma ki roƙi dillali ya tabbatar an buɗe ƙofar saman silin, an kuma janye kujerar da ke jikin bangon nan mai sabon fenti.