Allurar EPO ga bakwaini, wa ya sani?

Maman Haidar: Assalamu alaikum. Na haihu a sati 30, yarona har yanzu yana kwalba. Likita ta ce jininsa ya yi ƙasa, za a fara masa allurar EPO. Ba ƙarin jini ya kamata ba? Hankalina a tashe yake.

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya raya. Ƙoda ce ke yin sinadarin EPO, shi ke sa ɓargo ya samar da jini. Na bakwaini ba ya isa, ga jinin da ake ɗiba don gwaji. Ana haɗa allurar da maganin ayon (sinadarin ƙarfe da jiki ke bukata don yin jini), kuma takan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinta. In jinin ya faɗi sosai, ƙarin jini dole ne.

Baban Zahra: An yi wa tamu. Ki tabbata likitan ido ya duba shi, bakwaini na bukatar hakan.