Kik ɗin Corolla yana ƙin juyawa idan inji ya yi zafi

Salama, masu rewaya da kanikawa. Toyota Corolla ce ƙirar 2005, a Gusau. Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma in an yi tafiya mai nisa, kamar zuwa Talata Mafara, aka kashe ta, sai makulli ya ba da ƙas sau ɗaya, inji bai motsa ba. Sai ta huce, ko a ƙwanƙwasa jikin kik ɗin da sifana.

Batir dai ba shi ba ne: mitar awon wuta na nuna bolt 12.6, kuma da an murɗa makulli bai sauka ƙasa da 12.2 ba, fitilu ma ba su dushewa, alamar kik ɗin ba ya jan wuta ke nan. An kankare kawunan batir, an ɗaure wayar da ke tsakanin inji da bodi, an sauya rile (ɗan makunnin da ke tura wuta zuwa kik), an sa wa kik ɗin sabon kabon (gawayin da ke kai wuta cikinsa). Matsalar tana nan daram.

Zargina na kan tagullan cikin solonoyid (makunnin da ke jikin kik, mai haɗa shi da wutar batir), don na kik ɗin kamfanin Denso suna cinyewa. Wane gwaji zan yi da mita, kik na zafi, ya raba min laifin solonoyid da na amecha (sandar naɗin waya da ke juyawa cikin kik) kafin in sayi wani kik?